Awara a Ƙofar Gidan Ƙarfe

Duk yarinyar da uwarta ta turo min koyon awara, maganarta ta farko ɗaya ce: "Adda Hadiza, ai ba wuya, kullum ina ganin kina yi." Ba na musu da ita. Cewa nake to, gobe ki zo bayan sallar asuba. Wadda ta dawo rana ta uku, ita nake fara koya wa. Ku da kuke ganin suya ce kawai da miƙa leda, ku zauna ku ji yadda sana'ar take, da yadda na kusa rasa wurin da nake yin ta.

Tsintar wake shi ne aikin farko, kuma a nan Goggo Dije ta fara gwada ni. Ƙanwar babana ce, a unguwar Malam Inna take, a hannunta na tashi. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya ta ajiye min tire cike da waken suya ta ce in tsince. Na yi sama-sama na ce na gama. Da muka kai niƙa tsakuwa ta shiga inji, mai injin ya kashe ya tsaya yana kallona, mata na layi suna jira. Goggo ba ta dake ni ba. Ta yi awarar ta soya, ta ba ni ta farko ta ce in tauna. Ƙasa ta yi ƙaras a haƙorina. Ta ce, "Haka mai saye zai ji. Shi ba zai gaya miki ba, gobe dai ba za ki gan shi ba."

Jiƙon ma ba a yin sa da ka. Lokacin zafin Gombe in wake ya daɗe a ruwa, tsami zai yi tun kafin a kai inji. Ki matsa ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu, in ta rabe biyu ba gardama, ya yi. Daga niƙa sai tata. Ki ɗiga ɗan manja a ƙullun don kumfa ta kwanta, ki tace da ƙyalle mai laushi har hannunki ya mutu. Sai ki ɗora madarar a wuta ki tsaya a kanta, don ranar da kika juya baya ranar za ta tafaso ta zube a murhu. Zuba ruwan tsami kuwa ba ya koyuwa da baki. Ya yi yawa, awara ta yi tauri kamar takalmin roba. Ya yi kaɗan, rabinta ya bi ruwa. Goggo takan zuba kaɗan-kaɗan da ludayi tana kallon gefen tukunya, in ruwan ya koma garau, awarar ta taso sama kamar auduga, sai ta tsaya. Shekara biyu ina tsaye a gefenta kafin ta miƙa min ludayin. Daga nan a kwashe a buhu mai tsabta da attaruhu da albasa da gishiri, a ɗaure, a ɗora dutse.

Abu na ƙarshe da ta koya min shi ne zaman kasko. Murhu ya jingina da bango. Ke kina tsakanin mai da yaro. Mai saye kuma benci ya raba shi da wuta. Tana da tabo tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu, ba ta taɓa gaya min yadda ta same shi ba, in na yi sakaci dai sai ta naɗe hannun riga.

Da na yi aure na koma unguwar Kagarawal, sai na tarar a layinmu kaɗai mata huɗu ke awara, duk 'yan makaranta ɗaya ake jira. Maigidana, Baban Walida, kafinta ne, ba shi da yawan magana. Ƙaninsa Nafi'u kuwa bakinsa ba ya rufuwa. Keke mai ƙafa uku yake ja, ɗakinsa na zaure, a tukunyata yake ci. Kun san wasan da ke tsakanin mace da ƙanin mijinta. Shi ya ce min "uwargida", ni in ce masa "Tsinke", don lokacin in ya tsaya bayan turken lantarki sai ka neme shi ka rasa. Ya shigo ya buɗe tukunya ya ce, "Uwargida, wannan miya ce ko ruwan wanki? Saki ɗaya." In ce, "Ka fara yin nauyin da iska ba za ta ɗauke ka ba, sannan ka saki mace." Wansa na jin mu, sai dai ya girgiza kai. Shekara uku muna haka, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba.

Shi ya samo min ƙofar gidan ƙarfe. Wani fili ne mai katanga can bayan unguwa, inda samari ke ɗaga nauyi. Mai wurin, Malam Yohanna, ɗan Tangale ne mai walda, kowa Koci yake ce masa. Da hannunsa ya ƙera kayan, daga tsofaffin ƙarafan mota da siminti da aka zuba a gwangwani. Nafi'u ya fara zuwa, ya dawo ya ce min, "Uwargida, ƙattin nan in sun fito kamar su cinye katanga. Firotin suke nema, kuma Koci ya ce awara firotin ce zalla. Ki kai kaskonki can." Koci ya yarda. Baban Walida ne ya daɗe bai amsa ba, da ya amsa kuma da sharaɗi: "Wurin maza ne, ga shi da yarinya za ki. Ranar da wani ya ɗaga miki murya a wurin, ranar kin gama. Ba zan maimaita ba." Nafi'u ya bugi ƙirji ya ce ai yana nan.

Yankan awarar masu ɗaga ƙarfe daban ne da na 'yan makaranta. Yaro yana son ƙanana masu yawa, su soyu ƙayau, yaji ya ji. Waɗannan manya suke so, masu kauri, a tsoma a ƙwai, a tsane mai sosai. Kuma ba sa son jira, don haka muka yi tsari. Kowa zai ajiye kwanonsa mai murfi a kan benci kafin ya shiga, a jere, wanda ya riga zuwa shi ne a gaba. Ina jin ƙarar ƙarfe ta fara raguwa sai in fara cikawa. In sun ci su bar min kwanukan in wanke, da la'asar su tarar da su a kife. Mai wanke kwano ta fi kowa sanin mutum. Na san wanda ke ture albasa gefe, na san wanda zazzaɓi ke shirin kamawa tun kafin shi ya sani.

Mutanen kirki ne, in gaya muku gaskiya. Ga mutum kamar bango, amma in Walida ta miƙa masa hannu sai ya durƙusa. Shekararta biyu lokacin, tabarmarta na bayana a jikin katanga, kowane juyi na matsami sai na waiga na dube ta. Akwai wani Chidi mai shagon kayan gini, kullum maganarsa, "Madam, ka ƙara mini gyara, ni babban mutum ne." Cikin shekara guda na tashi daga mudu biyu na kai biyar. Nafi'u kuwa shekara guda yana ɗagawa, ya yi ƙarfi amma jikin ya ƙi ƙaruwa. Koci ya ce masa haka Allah ya yi ginin wasu, ya yi haƙuri. Ni kuma ina ta "Tsinke".

Kwanonsa ne ya fara gaya min. Bayan ƙaramar sallah sai ya kawo babba, ya cinye, ya suɗe, ya nemi ƙari. Cikin wata biyu kafaɗunsa suka buɗe, wuyansa ya cika, rigunansa suka daina shigarsa. Abokai na ta yi masa kirari, ni kuma ina ganin wasu abubuwan. Ƙuraje sun feso masa a baya, manya, har suna ɓata singileti. In zai zauna a benci sai ya karkace gefe ɗaya kamar mai miki. Da safe idonsa ja, ya ce bai yi barci ba amma ba ya jin gajiya, ji yake zai iya ɗaga kekensa da hannu ɗaya. Surutunsa ya ƙaru, muryar ta yi sama, yau zai sayi keke uku, gobe zai tafi gasa Legas.

Akwai kuma wani mai babur da jaka a rataye da ke zuwa ranar Asabar. Ba ya ɗaga ƙarfe, ba ya sayen awara, ba ya shiga ciki inda Koci yake. Bayan katanga yake tsayawa, inda nake zubar da toka, mutum uku su zagaya wurinsa, har da Nafi'u. Wata Litinin na je zubar da toka na ga ƙananan kwalabe kamar na allurar rigakafi, da sirinji, an tura su cikin ramin bulo. Na ɗauki kwalba ɗaya na jefa a jakar da nake ajiye ashana da leda. Ban iya karanta abin da ke jikinta ba, kuma ban nuna wa kowa ba. In kun tambaye ni dalili, sharaɗin nan ne. Na san in na buɗe baki a gida, Baban Walida ba zai tsaya tambayar wa ya yi wa bai yi ba, kaskon zai ce in ɗauke.

Fushin a hankali ya zo. Da farko tsaki ne. Murfin kwano ya ƙi buɗuwa, ya yi jifa da shi. Wani ɗan acaɓa ya gogi madubin kekensa, Nafi'un da na sani dariya zai yi ya ce Allah ya kiyaye gaba, wannan kuwa ya bi shi har ƙofar gida sai da dattawa suka fito. Ya rotsa wayarsa da bango don ta ƙi kama sabis. Bayan ya yi sai ya tsaya yana kallon hannunsa ya ce, "Ni ma ban san me ya hau kaina ba." Jim kaɗan ya koma fara'a kamar ba a yi ba. Dada, mahaifiyarsu, ta ce kambun baka ne saboda jikin da ya yi, ta sa aka yi masa rubutu. Wansa ya ce zafin titi ne. Sauran biyun da ke zagayawa bayan katanga, ɗaya ban ga ya sauya ba sai dai ƙurajen, ɗayan ya ɗan yi saurin hasala amma bai kai Nafi'u ba. Wannan ya sa na riƙa ce wa kaina ƙila ba kwalbar ba ce.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, da hantsi, kasko na biyu na kan wuta. Chidi ya riga Nafi'u ajiye kwano, na cika na Chidi. Nafi'u ya fito ba riga, tawul a wuya, ya tsaya a kaina ya ce, "Nawa fa?" Na ce ga shi nan a mai, yanzu zan tsame. Ya ce, "Ni za ki sa jira?" Da wani ne ya yi min wannan muryar, da haƙuri zan ba shi in yi shiru. Amma ƙanin mijina ne. A wurinmu in ƙanin miji ya murtuke fuska, tsokana ake ƙara masa har ya yi dariya. Haka na ga ana yi, haka muka saba. Na ɗaga kai, sai idona ya sauka kan abin da na kwana biyu ina lura da shi: kan nononsa ya kumbura, ya yi tsini kamar na yarinya mai tasowa. Na ce, "Kai Tsinke, sannu da ƙirji. In Walida ta tashi da kuka kai zan miƙa wa, ka ga na huta."

Mutum wajen goma ne a wurin, duk suka kwashe da dariya. Ni ma ina dariya, ina jiran ya ce min saki biyu.

Sai ya hamɓari bencin da ƙafa. Bencin ya tafi ya daki murhu, kwanuka suka watse, kasko ya tuntsure. Ban san lokacin da na juya na rufe Walida da jikina ba. Man ya zubo min a ƙafar hagu daga ƙwauri har idon sawu, sauran ya malala ya tsaya a bakin tabarma, tsakaninsa da kanta bai fi tafin hannu ba. Nafi'u na ihu, "Ni za ki wulaƙanta? Ni?" Koci da Chidi da wasu biyu suka riƙe shi, su huɗu, da ƙyar. Sai ya ji kukan yarinyar a ƙarƙashina. Ya saki jiki ya zauna a ƙasa cikin toka.

Matar Koci, Maman Rifkatu, nas ce, gidansu na jikin filin, kuma Allah ya sa ranar tana hutu. Wani ya ce a kawo ɗanyen ƙwai, wani ya ce man goge baki, ta kore su duka. Ta daɗe tana kwarara min ruwa mai sanyi a ƙafar, ta rufe da bandeji mai tsabta ta ce asibiti za mu. A hanya na laluba jakata na miƙa mata kwalbar. Ta juya ta ta karanta ta ce, "Maman Walida, tun yaushe kike da wannan?" Na ce wata guda. Kallon da ta yi min, da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ita ta yi min bayani yadda zan gane. Ta ce akwai sinadarin da jikin namiji ke yi da kansa, shi ke sa murya ta buɗe, gemu ya fito, tsoka ta yi ƙarfi. Abin da ke kwalbar irinsa ne da aka haɗa. Magani ne na gaske, likita kan ba wasu marasa lafiya daidai gwargwado, amma samarin nan ninkin-ba-ninkin suke ɗura wa kansu. Ta ce, "Ba kowa yake sa wa fushi ba, wani barci kawai zai hana shi. Amma wanda ya kama, birki yake cire masa. Abin da da zai haɗiye, kafin ya yi tunani hannu ya riga ya tafi." Na tambaye ta ƙirjin fa, ta ce shi ma aikin allurar ne, kuma ba abin da suke jin kunya kamarsa. Sai ta ce, "Ku kula da shi in ya daina. Jikinsa ya saba ana ba shi, ya rage yin nasa. Zuciyarsa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Kada ku ga ya yi shiru ku ce ya warke. Ku kai shi wurin likita."

Baban Walida ya same mu a asibiti da ƙurar katako a gashinsa. Ya ɗauki yarinyar ya duba ta ciki da bai, sannan ya dubi ƙafata. Na gaya masa komai, har kwalbar, har wata gudan da na yi shiru. Ya ce, "Kin san abin da na faɗa." Na ce na sani. Da la'asar ya je da kansa ya kwaso kasko da murhu a baro.

Wannan ita ce muguwar shekarata a sana'a. Wata biyu ban taka ƙafar sosai ba. Da na miƙe na koma soyawa a ƙofar gida, mu biyar a layi ɗaya. Daga mudu biyar na dawo ɗaya, shi ma wani lokaci ya kwana, kuma awara ba ta kwana da mutunci, washegari ta yi yauƙi sai awaki. Hannuna ya saba da yanka mai kauri, yara suka ce tawa ba ta da yawa, sai da na sake koyon yankan da na baro. Waken ma ya yi tsada a kasuwar Tudun Hatsi. Chidi ya zo sau biyu da kwanuka a leda yana cewa, "Madam, ka dawo mana, yunwa zai kashe mu," amma nisa ya yi musu. Koci ma ya zo ya gaida Baban Walida, ya ce ya kori mai jakar, kuma duk wanda ya sake gani da allura zai bar masa fili. Baban Walida ya yi masa godiya, ya raka shi bakin titi, bai sauya magana ba.

Nafi'u ya daina allurar tun ranar, kuma maganar Maman Rifkatu ba ta faɗi ƙasa ba. Sati biyun farko kowa na hamdala, Dada ta ce rubutu ya ci. Ba faɗa, ba tsaki. Amma ni ke zuba masa abinci, kuma kwanon da nake aikawa ɗakinsa yana dawowa yadda ya tafi, an ɗan taɓa gefe. Keke na ajiye a ƙofar gida. Jikin ya riƙa zubewa, wannan ya ƙara kashe masa zuciya. Wata rana da azahar na ji shi ta taga yana ce wa Dada shi bai ga amfanin zamansa a duniya ba. Wannan karon ban jira wata guda ba, ko la'asar ban jira ba. Na ɗingisa har shagon Baban Walida na gaya masa, na maimaita masa maganar nas ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye zarto ya rufe shago. Washegari ya kai Nafi'u asibiti, ya kuma kwashi shimfiɗarsa ya koma ɗakin ƙaninsa na makonni.

Sauƙin sai da ya ɗauki watanni. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki, sai Koci ya zo da kansa ya ɗauke shi a babur ya mayar da shi fili, ya ba shi ƙananan ƙarafa irin na masu farawa. Wurin nan ne ya fito da shi daga ɗaki, har ya koma jan keke rabin yini. Ni da shi kuwa gaisuwa ce kawai. Ya daina ce min uwargida, "Adda" yake cewa irin kiran babbar yaya, kansa a ƙasa, in ya ga tabon ƙafata ya kau da ido. Ni ma ban sake kiransa da sunan nan ba. Na so in ce masa bakina ma ya yi laifi, ban samu ta inda zan fara ba, don ni da shi ba mu taɓa yin maganar da ba wasa ba.

Da shekara ta kusa zagayowa na sake roƙon Baban Walida, sau ɗaya. Ya ce, "Ba mugunta nake miki ba. Ku biyu ba za ku haɗu a ƙofa ɗaya da tafasasshen mai a tsakani ba. Shi kuma kin ga wurin ne ke riƙe da shi." Na ga gaskiyarsa, na bar maganar.

Wata safiya Nafi'u ya fito ya tarar ina juye awarar jiya a kwanon awakin maƙwabta. Ya daɗe a tsaye. Da wansa ya dawo cin abincin rana, sai ya yi sallama a tsakar gida ya durƙusa.

"Hamma, ina da magana."

"Ina ji."

"Adda ta koma wurinta. Ni zan bar filin. Na gaya wa Koci, ya ba ni ƙarfe biyu in riƙa yi a zaure."

Baban Walida ya ce, "Kai likita ya ce ka je."

"Motsa jiki ya ce, bai ce ƙofar Koci ba. Ni na kai ta wurin, ni na fitar da ita. Hamma, ka bar ni in gyara ko abu ɗaya ne."

Baban Walida ya jawo kwanon gabansa, sannan ya ce, "Za a gani." Duk wanda ya san shi ya san ya yarda ke nan.

Kafin in koma, Koci ya yi wa murhun keji na ƙarfe ya kafe shi da siminti a jikin katanga. Baban Walida ya ƙera sabon benci mai nauyi ya binne ƙafafunsa a ƙasa. Walida yanzu ta shiga makaranta, ƙaninta kuwa a bayana yake, ba na sauke shi in mai na kan wuta.

Ban daina raha da masu saye ba, sana'ar abinci ba ta yiwuwa da ɗaurarriyar fuska. Amma ina duba mutum kafin in buɗe baki, kuma wasana ba ya zuwa kan jikin kowa. In cin saurayi ya ninka cikin wata guda, bayansa ya feso, ya fara tsaki a kan murfin kwano, ranar nake shiga in ce wa Koci ya duba wane. Sau biyu na yi haka. Ɗaya ya daina gaishe ni ya koma wani wuri. Na rasa mai saye, amma na samu barci.

Nafi'u na wucewa ta titin da fasinja kusan kullum, bai taɓa tsayawa a ƙofar ba. Rannan da hantsi sai na ga keken ya tsaya a tsallaken titi, ba kowa a baya. Ya kashe inji, yana zaune yana sauraren ƙarar ƙarfe daga cikin fili. Na san ba zai tsallako ba. Na tsame abin da ke mai, na sauke kasko, na zuba guda shida masu kauri a leda da yaji a gefe, na gyara goyo na tsallaka.

Ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe ya leƙa. 

"Adda," ya ce, "yajin nan kamar da rowa aka zuba shi."

Na ce, "Direban da ba shi da fasinja ma har yana da bakin zaɓe?"

Bai yi dariya sosai ba, amma ya ci. Na tsaya har ya cinye, sannan na koma. Kwanuka bakwai na jirana a kan benci.